Faɗin Yatsa Uku

A tsaunukan Carabaya, inda numfashi ke tsada,
kakana Nemesio Ticona ya yi shekara talatin da ɗaya
yana bin farar jijiya cikin baƙin dutse,
faɗinta yatsa uku, ranar da ta yi rowa, biyu.

Baƙin dutsen nan laka ne a da, lakar gindin teku,
ta kwanta falle bisa falle har ta ƙeƙashe.
Haka aka koya mini a makaranta, can birnin Puno.
Da na faɗa masa, ya yi dariya har tari ya ƙwace ta:
"Teku a nan, Felisa? To ina kifin?"
Na miƙa masa ɓallin dutse mai sawun wata halitta,
siririya, kamar haƙoran zarto.
Ya juya shi, ya juya, ya jefa aljihu.

Na ce, ƙasa ce ta matsu har ta tsage,
ruwan zafi ya taso daga inda ba a zuwa,
ɗauke da abin da ya narkar a hanya.
A tsagar ya huce, ya sauke kayansa ya wuce,
farin ya daskare kamar ƙanƙarar da ta manta narkewa.
Ya ce, "Ke kin san haihuwarta. Ni na san halinta."

Ya kuwa sani.
A bakin rami akwai jar tsatsa mai ramuka kamar saƙar zuma,
ya ce hular jijiya ke nan, a ƙarƙashinta kai yake.
Ciki akwai kwalli mai nauyi, mai fashewa kusurwa-kusurwa,
da wani rawaya mai ƙyalli, ƙarfe ne ya haɗu da farar wuta,
ya sha raba baƙi da kuɗin motarsu.
Akwai kuma mai launin azurfa,
in guduma ta same shi sai warin tafarnuwa.
Nan kaka ke tsayawa, ya buɗe hanci:
"Tana kusa. Wannan maƙwabcinta ne."

Zinariya ita ba ta ɗaga murya.
Sai an niƙa buhu, an wanke a akushin katako,
hannu ya mutu da sanyin ruwan tsauni,
sannan ta fito a gefe, wutsiya ƴar siririya,
ƙwayar da ba ta kai kan allura ba.

Sai wata Talata jijiyar ta ɓace.
Taku tamanin cikin duhu, bango sumul, baƙi ƙirin.
Kaka ya zuba ganyen koka, ya ce dutse ya yi fushi.
Wata biyar yana sara dama, babu.
Na shiga da fitila a goshi, na shafa bangon.
Santsi in tafina ya yi ƙasa, kaushi in ya yi sama,
ga karce a jere, duk sun karkata hagu.
Na ce, "Ba fushi ba ne. Zamewa dutsen ya yi
tun babu mai sunan da za a kira.
Sari ƙasa, ta hagu."

Kwana goma sha tara.
A zira'i shida farin ya leƙo,
da warin tafarnuwarsa.

Bai yi guɗa ba, ƙirjin ba zai bari ba,
farar ƙurar da ya shaƙa ta gina tata jijiyar a huhunsa.
Ya ɗora yatsu a kai: ɗaya, biyu.
Na ukun ya rasa wurin zama.
Ya zauna a ƙasa yana haki,
ya laluba aljihu, ya ciro ɓallin nan mai haƙoran zarto.
"Wannan tekun naki," in ji shi,
"zurfinsa ya kai nawa?"